'Yar Ruwan da Na Rubuta wa Ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni malamar firamare ce a Tambuwal, gidanmu yana Kebbe. Ƙanwata, bari in kira ta Hauwa'u, shekararta goma sha fuɗu, tana da sikila. Idan ciwon ya tashi ba abin da ke ɗauke mata hankali sai labari, shi ne na fara rubuta mata wani a littafin makaranta, duk ƙarshen mako in hau mashin in kai mata sabon babi.

Labarin shirme ne wallahi. Wata 'yar ruwa ce, rabinta kifi, ta kamu da son wani yaro mai ban ruwan albasa a bakin tafki. Shi bai iya iyo ba, ita ba ta iya fitowa tudu. Ranar da ya tashi yi mata kyauta sai ya sayo mata takalmi, ya manta ba ta da ƙafa. Hauwa'u ta yi dariya a gadon asibiti har nas ta leƙo ɗakin. Kowane shafi sai ta zana hoto a gefe, ta rubuta min gyara da jan biro, wai yaron ya cika wauta in ƙara mishi wayo. Ƙawayenta ma sunka riƙa karɓa suna karantawa.

Babi ɗaya ya rage Allah ya karɓi abinsa, wata biyu ke nan.

Bayan bakwai Gwaggo, yayar babanmu, ta ga zanen. Ta ce 'yan ruwa aljanu ne, ni na yi ta kiran sunansu har sunka shigo gida sunka taɓa yarinya. Baba ya tsawata mata, ya ce ajali ne, ciwon kuma da shi aka haife ta. Amma maganar ta zauna a zuciyar Inna. Ba ta zarge ni ba, kuka kawai ta yi, ta ce in dai ita ta haife ni in ƙona littafin ta samu natsuwa. Na ce to, amma har yau yana cikin jakata. Rubutun hannun Hauwa'u ne a ciki, ba ni da wani.

Shekaranjiya kuma ƙawayenta ukku sunka kira ni da wayar mamar ɗayarsu, wai Anti a ƙarasa musu. Sun ce Hauwa'u ta gaya musu ita ta zaɓi ƙarshen, ta rubuta a bangon baya. Ban taɓa dubawa ba. Na buɗe, na ga ta sa: “Yaya, ki koya mishi iyo, kar ki raba su.”

Tun sannan nika kuka. Juma'a zan je gida, kuma na san Inna za ta tambaye ni. In ƙona, in yi mata ƙarya, ko in roƙe ta ta bar ni in ƙarasa? Mi za ku yi in ku ne?