Jirgin Baba Mai Tafiya da Baya

Lafia, 3 ga Maris, 2003

Yaya Zuwairatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da sanyin Jos.

Bayan haka, ina miki ta'aziyyar ɗan da Baba ya fi so. Ba ni ba, ina nan daram. Ina nufin jirgin ƙasan wasan da Reluwe suka ba shi ran da ya yi ritaya. Allah ya ji ƙan ɗa na gari! Ba ya ci, ba ya sha, ba ya mayar da magana, aikinsa zagaya tebur kawai. Shekara goma sha biyu ana goge shi da hankici kowace safiya. Ni da ke kawo cefane ban taɓa samun ko shafa kai ba.

Tun bayan Babbar Sallah ya ƙi motsi. Moton cikinsa, ɗan injin da ke juya ƙafafun, ya ƙone. Kin san tun da idon Baba ya rufe, ƙarar jirgin nan bayan la'asar ita ce rediyonsa. Ya ɗora laifin kan tsohon abokin aikinsa Baba Iorfa, wai ya cika masa mai ran Juma'ar ƙarshe da ya zo. Ya ce masa, “Shekara talatin kana zuba mini kwal a injin gaske, yanzu na wasa ka kashe.” Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita, bai sake zuwa ba.

Ki duba mana shagunan Jos ko a dace da irin moton.

Ƙaninki,
Sha'aibu

Jos, 21 ga Maris, 2003

Sha'aibu,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Baba. Na zagaya shaguna huɗu, babu.

'Yata Ilham ta dawo daga hutun Sallah a Lafia. Ta ba ni labarin wani mai gyaran rediyo da ya tara jama'a a ƙofar shagonsa da ɗan jirgin ƙasa baƙi mai jan baki, har hanya ta toshe. Ban san jirage nawa irin wannan ke Lafia ba. Kai da ke kasuwa za ka fi ni sani.

Ina tuna maka, Baba Iorfa ne ke riƙe hannun Baba zuwa ƙofar masallacin Juma'a, ya zauna ƙarƙashin mangwaro yana jira, shi da ba Musulmi ba. Wa ke kai shi yanzu?

Ina jiran amsa ta gaskiya.

Yayarka,
Zuwairatu

Lafia, 19 ga Afrilu, 2003

Yaya,

Gaisuwa. Ilham da aikin ɗan sanda ta nema da ta yi nisa.

To, ni ne. Washegarin Sallah Baba ya tafi Kwandere gaida dangi, na kwashe jirgin da dogonsa na kai shago. Na ga tafiyarsa ta tsofaffi ce, ba za ta tsayar da mai wucewa ba, sai na haɗa masa batirin mota biyu. Yaya, ya yi gudu! Ban taɓa sayar da kaset kamar ranar ba. Kafin la'asar na ji ƙauri. Na goge shi tas, na mayar kan tebur, na ja bakina. Da Baba ya kama sunan Baba Iorfa ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon tuwo a hannu. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa miya za ta huce.

Amma na gyara ɓarnata. Na kwance jikin jirgin, na ciro ƙonannen, na sa moton wata tsohuwar rediyo mai kaset. Ɗan haƙorin da ke juya ƙafafun ya ƙi zama, kwana biyu ina goga ina gwadawa kafin na like wayoyin da dalma. Ya tashi. Matsala ɗaya: in Baba ya tura maɓallin gaba, jirgin baya yake yi, taragon kwal na jan kai. Tunda ba ya gani, na bar shi haka. Ya saurara, ya ce, “Madalla,” bai ƙara ba.

Juma'a ni ke kai shi yanzu. In mun zo mangwaron nan yakan rage tafiya. Zan faɗa masa. Ina neman ranar da ta dace ne.

Sha'aibu

Unguwar Reluwe, Lafia, 8 ga Mayu, 2003

Ɗana Sha'aibu,

Ina gaishe ka. Mai shayi na layinku ya ce mini jirgi ya tashi amma yana tafiya da baya. Ba babban abu ba. Waya biyu na moto, ka cire, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Ka yi da sauri. Babanka yana sa yatsa a kan dogo ya ji abin da ya fara taɓa shi, tun yana gani haka yake yi.

Ranar da ka kai jirgin kasuwa ina bayan mutane, na ga gudun. Ban faɗa ba. Mutum da ido ya tafi, ɗansa ne idonsa, ban so ya daina yarda da kai.

Asabar zan koma Assakio wurin 'yata Mwuese. Garin nan ba ni da aikin Juma'a kuma. Man jirgin, ɗigo ɗaya ya isa, a wata sau ɗaya.

Baba Iorfa

Lafia, 12 ga Mayu, 2003

Yaya,

Gaisuwa. Ga takardar Baba Iorfa nan na haɗo miki, ni na gaji da karanta ta.

Jiya na karanta wa Baba, ban tsallake ko layi ɗaya ba, sannan na ƙara nawa. Sai ya ce tun ranar farko ya san jirgin baya yake yi. Sati uku yana jira in ce, “Baba, mu kira Iorfa ya duba,” don ya sami hanyar aika masa ba tare da ya sauke girma ba. Ni kuwa ina ta murna makaho bai gane ba.

Na ɗauko dalma zan juya wayoyin, ya ce in ajiye. Baba Iorfa ne zai gyara. Gobe za mu Assakio, ni zan rungumi kwalin a mota, kuma ni zan fara magana.

Na sayar wa kurma rediyo a kasuwar nan, Yaya, magana ba ta taɓa ƙare mini ba. Amma ke da kika yi boko mai zurfi, mutumin da ya sha zagi wata uku don ya rufa maka asiri, da wace gaisuwa ake fara masa?

Ƙaninki,
Sha'aibu