Bishiyar Bayan Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya yaye maka ciwon bayan da ka ambata, ya sa albarka a aikinka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa jikokinta faɗa, ka san kuwa in ka ji faɗanta to lafiya ta samu. Ɗinki dai sai a hankali. Mutane sun daina ɗinka sabo, sai a kawo tsoho a ce in rage ko in buɗa.

Yaya, na zaɓi in rubuta ne don maganar ba ta faɗuwa a waya a tsaitsaye. Ka tuna kwazazzabon bayan gidanmu da muke tsallakewa muna yara? Yanzu mota za ta shige ciki ba a ga rufinta ba. Tun da gas ya yi tsada kowa ya koma itace, maƙwabta suka bi bishiyoyin bakinsa suna sarewa. Daminar bara ƙasa ta zabtare, ta tafi da kicin ɗin mai gyaran rediyo har da tukwanensa. Darbejiyoyin da Baba ya dasa su kaɗai suka rage, kuma saiwarsu ce ke riƙe da katangarmu. Mai gawayi ya zo shago ya taya su, na ce ba na sayarwa ba ne. A gida kuma na kafa doka, ko reshe kada a taɓa.

Kafa dokar bai yi mini wuya ba, tunda ba ni ke tsayawa gaban murhu ba. Tukunyar gas ɗin da ka saya mana rabi nake iya zuba mata, kafin wata ya yi nisa ta ƙare. Mun koma garin katako da kafinta ke ba mu kyauta, da jama'a suka gane shi ma ya sa masa kuɗi.

Kwanakin baya sai na lura babbar, wadda ke bayan ɗakin Inna, ganyenta na zuba alhali sauran na toho. Na zagaya na duba. An ɓare ɓawonta zagaye, daga gwiwa har inda hannu ke kaiwa, jikinta fari fat. Ban yi wata-wata ba na je na faɗa wa mai gawayi maganganu marasa daɗi a gaban mutane. Na dawo gida ina ta huci. Sai da yara suka tafi makaranta Maman yara ta same ni ta ce ita ce. Ta ce reshe na hana, ban ambaci ɓawo ba. Duk ranar da gas ya ƙare ba ta iya tura yara da yunwa, ba ta kuma iya tambayata tana ganin halin da shago ke ciki, sai ta ɗauki wuƙa ta zagaya baya. A zatonta ɓawo kamar fata yake, zai mayar da kansa. Wallahi Yaya na buɗe baki in yi faɗa sai na tuna ni ma na ci abincin, ban taɓa tambayar da me aka dafa ba.

Na koma na ba mai gawayi haƙuri. Ya ce ba komai, amma bishiyar da aka yi wa haka ba ta tashi, saiwar za ta ruɓe ta saki ƙasa. Ya ƙara da cewa in ta gama bushewa yana nan.

Yanzu bangon ɗakin Inna ya tsage daga taga zuwa ƙasa, yatsana na shiga ciki, ƙofar ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Na jera buhunan yashi a bakin ramin, na dasa ƙananan bishiyoyi, amma ko gwiwata ba su kai ba. Iska ta juya, kullum da yamma hadari na haɗuwa ya baje. Na roƙi Inna ta dawo ɗakinmu mu koma zaure, ta ce a ɗakin nan Baba ya cika, ba inda za ta. Ba don ka aiko da wani abu na rubuta ba, na san nauyin da ke kanka. Maganarka kaɗai take ji. Ka kira ta ka lallaɓa ta, amma don Allah kada ka ambaci Maman yara, kunyar da take ciki ta ishe ta.

Inna na gaishe ka, ba ta san na rubuta ba. Maman yara na gaida Anti, yara na gaida 'yan'uwansu, musamman Auta. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu in kun haɗu. Da ka karanta ka ɗauki waya, Yaya, kada ka bari sai ka samu sarari.

Ƙaninka,
Tela