Gurnani a Bakin Ɗanki

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da ɗanki Sarkin Surutu. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gode da kika ara mini ɗanki ya fito a fim ɗina na kammala karatu. Kin san labarin: wani Baturen mulkin mallaka ya tsinci yaro a daji, ya kulle shi a keji, ya rubuta wa mutanensu wai birrai suka rene shi, ba ya magana sai haushi. A nawa fim ɗin, yaron ɓata ya yi, da harshen uwarsa yake magana, Baturen ne ba ya ji. Ɗanki ya riƙe ƙarfen kejin yana roƙon a kai shi gida, har mai ɗaukar hoto sai da ya share hawaye.

To, malamin da ke duba aikina ya hana ruwa gudu. Wai alƙalan da za su ba fim ɗin maki daga ƙasar waje suke, ba sa jin yarenmu, wai kuma fassara a ƙasan hoto ɓata shi take. In cire muryar, in sa gurnani. Na yi bayani har bakina ya bushe, yana ta danna waya. In bai sa hannu ba sai na maimaita shekara, kin kuwa san Baba ba zai iya biya ba. Raina a ɓace yake, Yaya.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, ya gida ya yara?

Na bi maganar malam. Mai haɗa sauti ya nemo kukan biri ya daidaita da bakin yaron, ni ina zaune ina ce masa ya ƙara ko ya rage. Leɓensa na cewa gida, abin da ke fita dabam. Malam ya sa hannu, wai yanzu fim ya yi rai. Na ci. Wani alƙali har ya yaba yadda yaron ya iya dabba. Abin da Baturen ya yi da alƙalami, shi na yi da na'ura.

Jiya ɗanki ya kira ni da wayarki, yana murna ya gayyaci 'yan ajinsu kallon fim ɗin, yana tambaya ko muryarsa ta fita sosai. Na ce ba na jin sa, na kashe.

Don Allah ranar nunawa kar ki kawo shi. Ki ce an ɗage.

Taki,
Auta