Mai Haihuwa Sau Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris

Darasin da ke gabana: semelparity. Halittun da ke haihuwa sau ɗaya tak su mutu. Wani kifi, wasu ƙwari, wasu tsirrai. Sai na nemo wa 'yan ajina yadda za a faɗe shi da Hausa, in ba haka ba su haddace su zubar a jarrabawa kamar kullum.

Cikin da nake ɗauke da shi ya shiga wata na huɗu. Maigida ya sake ta da maganar awo. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Laraba, 5 ga Maris

Bayan an tashi na rubuta "haihuwar ajali" a allo. Na goge. Ta dace sosai, shi ya sa ba na son ta.

Asabar, 8 ga Maris

Gidan Baba. Shukar nan mai kaurin ganye da ƙaya, wadda Inna ta dasa a ƙarƙashin taga tana da cikina, ta fitar da doguwar sanda har ta wuce katanga. Duk shekarun nan tana zaune kamar ba ta da niyya. Baba ya ɗauko adda zai sare sandar. Na ce ko ya sare aikin gama ya gama, irinta fure ɗaya take yi ta bushe. Ya ce, "To, Malama, ke da littafinki," ya mayar da addar.

Inna ma sau ɗaya ta haihu. Ni ce. Ba ta kwana ba. Misali mai kyau, sai dai ba na kaiwa aji ba ne.

Talata, 11 ga Maris

Maigida ya ajiye katin asibiti a kan firji. "Ki je ko don ni." Na ce na ji. Gaskiya tsoro nake ji. In na je aka auna ni, an fara ƙirga mini kwana ke nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Na duba babban ƙamus a ofishin malamai. Daga Latin aka haɗa kalmar: semel, sau ɗaya, da parere, haihuwa. Shi ke nan. Mutuwar a bayani take, ba a jikin kalmar ba. Takwararta iteroparity daga maimaitawa ta fito, masu haihuwa a kai a kai. A nan mutum yake, shi da akuya da kaza. Ba bana na fara koyar da wannan ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na yi wa Baba bayanin kalmomin biyu, don kawai a sami abin hira. Ya gane inda na dosa.

"Wato kin sa uwarki a layin kifi?" Ya yi dariya kaɗan. "Mamana, Innarki jini ne ya ɓalle mata. Likita ya ce da tana zuwa awo da sun gani da wuri, sun shirya. Ta so zuwa. Ni na ce ba sai ta je ba, ai lafiyarta ƙalau."

Shukar yake kallo, ba ni ba. Ya ce, "Ke kin fara zuwa?"

Na ce yau ana zafi.

Litinin, 17 ga Maris

An yi darasin. "Mai haihuwa sau ɗaya" na rubuta, sauran na yi bayani da baki.

Alhamis, 20 ga Maris

Na nemi izinin rabin rana, na je asibiti. Layi dogo, benci mai tauri, wata na ta ba ni labarin ciwon bayanta. Jinina ya ɗan yi ƙasa, an ba ni ƙwayoyi. Sun sa na'ura na ji bugun zuciyar ɗan cikin, sauri yake yi kamar an biyo shi. Ba wani abu ba ne, haka littafi ya ce.

Nas ɗin ta tambaya, ko kallona ba ta yi, "Ciki na nawa ne?"

Na ji bakina ya ce, "Na fari."