Jikata ta bar min zaɓin kulob, Durumi ko Maitama

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a sakaya sunana. Ni ban yi boko ba, faɗa nake maƙwabciyata tana rubutawa, kuma na ce kar ta gyara min magana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji.

Jikata ce, 'yar ɗana, a hannuna ta tashi a unguwar Durumi tun rasuwar uwarta. Tana wani wasan mutanen Japan da ake kira kendo, a sa sulke da hula mai ragar ƙarfe, a riƙe takobin gora, ana ihu ana bugun juna. Da farko na ce ba a gidana ba. Da ta dame ni na ɗauki kujerata na bi ta in gani da idona. A ɗakin taron wata firamare suke yi, rufin ma yoyo yake. Malaminsu tsohon soja ne, Bagwari, Sansai suke ce masa. Da na ga yara sun durƙusa sun kai goshi dab da ƙasa suna gaishe shi, na miƙe na ce jikata ba za ta yi wa mutum haka ba. Bai ja da ni ba, ya ce ta rusuna yadda take gaishe ni, ya wadatar. Tun tana ƙarama har yau da ta gama sakandare, in dai tana wajen ina wajen.

To ga gasa ta taso, kowane kulob mutum biyar. Na Durumi su biyar ne cif har da ita. Na tambaya, an ce in ta fita za su iya shiga su huɗu, amma an cinye su wasa ɗaya tun ba a ɗaga gora ba. Sai ga ubanta, da ke aiki a ma'aikata, ya zo min da maganar wani kulob na Maitama inda 'yar ogansa take. Wai sun gan ta sun yaba, suna so ta tsaya musu. Ya ce can masu zaɓen waɗanda za a fita da su waje suke kallo, Durumi ba wanda ya san da zamansu. Muka yi ta yi, ya ce na ɗaure yarinya a gindina, na ce shi kuma fadanci yake wa oga da 'yarsa. Ya tashi ko abincin bai taɓa ba.

Na je Maitaman da niyyar neman aibi, ban samu ba. Daɓen katako sumul, malamai masu natsuwa, na ga sun gyara mata wani taku da Sansai ya daɗe yana fama da shi. Sai dai ba a barin iyaye ciki, ta gilashi na kalle ta ina tsaye cikin direbobi.

Na samu Sansai yana ɗaure wani tsagaggen takobi, na gaya masa komai. Ya ce, "Mama, ai ba don ta zauna nan na koya mata ba." Amma har na fito bai ɗago ya dube ni ba.

Akwai wani ƙyalle da suke ratayawa a gaban sulke, mai sunan kulob. Ni nake ɗinka mata, ta zana min da alli in bi da zare. Shekaranjiya jikar tawa ta zana guda biyu, na Durumi da na Maitama, ta ajiye min a kan gado. Ta ce, "Kaka, komai ke kike yankewa a gidan nan, har tsawon hijabina. Wannan ma ki yanke, wanda kika ɗinka shi zan sa." Na ce ni za ta yi wa iya shege? Ta yi 'yar dariya ta ce tsohuwa yau kuma tsoro ne, amma idonta ya yi ja.

Zuciyata Durumi take, ba zan ɓoye ba. Abin da ban sani ba, don amanar Sansai ne, ko don can ne kawai ake barina in sa mata ido.

Gasa ta matso. In ɗinka na Durumi in tare mata hanya, ko na Maitama yara huɗu su yi layi da giɓi a tsakaninsu? Maƙwabciyar nan tawa ta ce in mayar wa yarinyar allurar ta zaɓa da kanta. To ku da kuka taɓa sakar wa yaro mara, ku gaya min yadda ake yi, ni ban taɓa ba.