Fonfon Tungar Jika

Tungar Jika, 6 ga Afrilu

Ɗana Hashimu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai dai ƙishi. Ni ne kawunka Aghali ke faɗa, Mushe Lawali, malamin makarantarmu ta lakwal, ke rubutawa.

Fonfonmu mai aiki da hasken rana ya tsaya, yau kwana tara. Mai gyara na Damagaram ya ce sai bayan sati uku. Dabbobi sun koma tsohuwar rijiya, gaba arba'in, raƙumi ɗaya ke ja. Jar saniyar uwarka ta kwanta jiya, ba ta tashi ba.

Masu zuwa kasuwar Tanut sun ce duk sanda suka gan ka, kanka na duƙe a kan salula. Mun tura ka koyon gyaran fonfo ne. In karatun ke nan, ka dawo gida, muna bukatar hannu a igiya.

Kawunka,
Aghali

Ƙari daga Lawali: akwatin fonfon yana nuna jar fitila da rubutu E3. Ko zai yi maka amfani.

*

Tanut, 10 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah Ya mayar wa Inna da alheri. Labarin saniyar ya hana ni cin abinci.

Gaskiya ne, kaina na duƙe. Mu arba'in ne a aji, fonfon koyo ɗaya, littafi ɗaya. Malaminmu yakan tura darasi da zane a gurup ɗinmu na WhatsApp, sauran mu nema a bidiyo. A ɗakinmu babu rezo, salula ba ta kama layi, shi ya sa nake tsayawa bakin kasuwa. Masu bidiyon suna zuba Faransanci da sauri, sai in tsayar, in koma baya, in kwafe a kaye, wato littafin rubutuna, wani lokaci har sau biyar. Ranar da na kasa saukewa, ina zaune a aji kamar baƙo.

Na ɗauki hoton rubutun Mushe Lawali na sa a gurup. Wasu suka ce injin ya ƙone. Sai Zuhaira, ƴar ajinmu daga Gangara, ta aiko da murya. Ta ce, "Hashimu, kada a taɓa injin. Namu ya taɓa yin haka. Akwai siririyar waya da ke gaya wa akwatin cewa da ruwa a ƙasa. In ta tsinke, sai ya ɗauka rijiya ta ƙafe." Ta turo mini bidiyon gyaran.

Ina tafe a motar Asabar. A tanadi maza shida na jan bututu.

Ɗanka,
Hashimu

*

Tungar Jika, 19 ga Afrilu

Hashimu,

Muna gaishe ka. Ruwa na zuba tun ranar da ka tafi, har mutanen Belbeji masu wucewa suna shayarwa. Uwarka kullum sai ta je ta tsaya tana kallonsa.

Amma direba Amadu ya gaya mini maganar da ban ji daɗinta ba. Ya ce ranar Litinin, sanda kake rungume da bututunmu, ranar ce ake babbar jarrabawarku. Kwana uku muna ci a akushi ɗaya, ba ka buɗe baki ba. Me ya sa? Ka gaya mini gaskiya.

Aghali

*

Tanut, 23 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Amadu bai yi ƙarya ba.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, in dawo Lahadi. Ka tuna sanda na ajiye salula a kan akwatin ƙarfe muna jan bututu? Rana ta dafa ta, ta mutu, bidiyon ya tafi da ita. Na dai ɓoye muku. Da abin da na kwafe a kaye na ci gaba, ina gwada waya ɗaya bayan ɗaya. Da safiyar Litinin mota ta tsaya, Amadu ya danna mini odar mota. Na dubi bututu a shimfiɗe a ƙasa, na dubi shanu, na ce ya tafi. Na san da na faɗa maka, da kanka za ka tura ni cikin motar.

Daraktan makarantarmu ba mugu ba ne. Ya ce in na kawo shaidar aikin, hoto ko bidiyo, za su zauna a kai ranar Alhamis mai zuwa. Ba ni da ko ɗaya. Zuhaira ta nuna masa maganarmu ta gurup, ya ce wannan shawara ce, ba gyara ba. Da alama zan maimaita shekara. Kada a gaya wa Inna tukuna.

Ɗanka,
Hashimu

*

Tungar Jika, 26 ga Afrilu

Ɗana,

Mun gaishe ka. Na gaya wa uwarka, ita ta fara dangwala yatsa a takardar shaida. Mushe Lawali ya rubuta abin da ka yi, gida sittin da ɗaya sun sa hannu. Ni da Maigari muna tafe Laraba, da takardar, da jarka ɗaya cike daga fonfon.

In darakta bai gamsu da yatsunmu ba, sai ya sha ruwan.

Kawunka,
Aghali