Jinin Da Ke Cikin Kwami

Amaryarmu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da sunan, shekara shida ke nan ba ki ba mu wanda za mu kira ki uwarsa ba.

Ƙanina Manaja ya ce likitan haihuwa ya tura ku wajen likitan haƙori, wai kumburin dasashi na iya jinkirta ciki. Ikon Allah! Mun aike ki neman jariri, kin dawo mana da labarin haƙori. Da farko dariya na yi, sai na tuna kwana ukun da na yi a gidanku. Kullum da safe sai na ga jini a kwamin wanke fuska. Ashe a nan 'ya'yanmu suke tsiyayewa.

Na sanar da Mama da gwaggonni don su sa ki a addu'a. Ga buroshi nan na haɗo miki, mai laushi ne, irin na yara. Tunda ba mai amfani da shi a gidan, ki fara.

Yayarku.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Mama. Buroshi ya iso, na gode.

Likitan ya duba ni, ya ce dasashina lafiya lau. Ya ce ba a tabbatar da cewa ciwon dasashi shi kaɗai ke hana haihuwa ba, amma yakan shafi mace, yakan shafi namiji, gyara shi kuma ba wuya. Da ya nuna wa ƙaninki kujera, sai Manaja ya duba agogo ya ce yana da mitin.

Yaya, jinin nan ba nawa ba ne. Kullum ni nake wanke kwamin bayan ya fito. Shi yana ganin taurin buroshi ne, ya canza ya fi sau goma. Kwanakin da kika zo ina kicin ina haɗa miki karin kumallo, shi ya sa kika riga ni shiga.

Kin tuna satin da aka kawo ni? Kika ja ni ɗaki kika ce a gidan nan ba a maganar warin bakin Manaja, kika sa na yi alkawari. Na riƙe. Yanzu ina roƙonki, ko ki faɗa masa, ko ki sake ni in faɗa masa. Ina son mijina, ina son haihuwa.

Ƙanwarki.

*

Amarya,

Gaisuwa. Kin iya rubutu, ba laifi.

Kina tsammanin labari kika ba ni? Tun yana sakandare muka sani. Me ya sa kike ganin Mama ke cika masa aljihu da kanumfari tana cewa maganin sanyi ne? Me ya sa kujerarsa take bakin taga? A ofis ma'aikatansa daga bakin ƙofa suke masa magana, shi kuwa yana cewa kwarjini ne. Mutumin da ya gina rayuwarsa a kan wannan kwarjinin kike so in rushe da jimla ɗaya?

Ban da haka, dangi duk sun ji cewa ke ce. Gwaggo har ta yi kuka. Ba zan bi gida gida ina janye magana kamar mai tallar da aka dawo wa da kaya ba.

Alkawari yana nan. Jiya ya zo gaida Mama, na ce masa kina rubuto mini cewa matsalar haihuwa daga gare shi take. Ban ambaci baki ba, kin ga ni ma ina riƙe alkawari.

Yayarku.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya dawo ya tambaye ni ko na rubuta haka. Na ce na rubuta. Bai tsaya jin saura ba. Ina gidan wana da akwatuna biyu da takardata.

Buroshinki na cikin kofi a gefen kwami. Mai laushi ne, zai yi masa amfani.

Ki huta lafiya.

*

Yaya,

Barka da war haka, Manaja ne. Ina rubutu ne saboda magana tana mini wuya.

Ranar Litinin ina tsakiyar jawabi haƙorina na gaba ya faɗo kan tebur, gaban ma'aikata. Babu wanda ya yi mamaki, abin da ya fi damuna ke nan. Likita ya ce ciwon ya fi shekara ashirin, huɗu za a cire. Ya ce da na zauna a kujerar nan bara, da an ceci uku, wataƙila da maganar haihuwar ma ta zo da sauƙi. Ya tambaye ni, a hankali, ko ba wanda ya taɓa yi mini maganar wari.

Na aika gidan wan tsohuwar matata. An ce ta yi aure wata biyar da suka wuce.

Yaya, kun sani?

Ƙaninki.

*

Manajanmu,

Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Mama na gaishe ka.

Mu ina muka sani? Daga nesa muke ganinka. Wadda ta kwana kusa da kai shekara shida ita ya kamata ta buɗe baki, ta yi shiru. Ka ga irin matar da Allah ya raba ka da ita.

Ga kanumfari nan, in ji Mama, saboda sanyi.

Yayarka.